Darakta a Bencin Baya

Takardar ta iso lakol ɗin Tudun Aduwa, wato makarantar bokon garin, ranar kasuwar Gangara, a hannun wani mai kabu-kabu da ya haɗo ta da buhun gishiri. Mushe, wato Malam, Abdulhadi Tala, daraktan lakol ɗin, ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Ba ta wuce layi biyar ba. Nan da kwana goma sha biyu konseye, wato jami'in da ke zagayen duba malamai, zai zo daga Gazawa. Kowane darakta zai riƙe tabilet da hannunsa, ya aika rahoton yaran da suka zo da waɗanda suka yi fashi, a gaban idon konseye. Wanda ya kasa za a mayar da shi aji, a ba wani kujerar.

Wata biyar ke nan da wata ƙungiya ta kawo wa lakol ɗin tabilet ashirin da faifan sola guda. Wata biyar kuma rahoton Tudun Aduwa na isa Gazawa kowace Juma'a, ba latti ba kuskure, da sunan Abdulhadi Tala a ƙasa. Har an yabe shi a taron daraktoci. Shi kuwa bai taɓa kunna abin ba. Sau ɗaya ya ɗauka, ya ga fuskarsa cikin baƙin gilashin, ya mayar cikin kwali.

Mai aika rahoton Madan Batulu ce, malamar ajin ƴan shekara shida. Ita aka tura Maradi horon sati biyu, kuma duk garin babu wanda ya san kan na'urar sai ita. Ita ce kuma ƴarsa ta fari.

Abdulhadi mutumin da ne a wajen kunyar ɗan fari. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa kiran sunanta ba. Ana yaye ta aka kai ta wurin kakarta a Agiye, can ta girma. In zai ambace ta sai ya ce "waccan", ko "ta Agiye". Da aka turo ta aiki ƙarƙashinsa bara sai ta zama "mai ajin farko". Ba ya duban fuskarta, ba ya zama inda take zaune. In yana da umarni sai ya faɗa wa bango da ƙarfi, kuma bangon bai taɓa kasa isar da saƙo ba. Rahoton ma haka ya faro. Wata Juma'a ya tsaya ƙofar buro, wato ofishinsa, ya ce wa iska, "An ce yau ake aika abin nan." Aka aika. Bai tambayi yadda aka yi ba.

Ya sha tambayar kansa ko wannan ƙarya ce. Shi dai bai buɗe baki ya ce shi ya aika ba. Amma ranar da aka yabe shi ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, kuma ya san sunkuyar da kai ma magana ce.

Da aka tashi tara ya nuna wa Mushe Hafizu takardar. Hafizu ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, ya tashi a Cadakori, shi ke riƙe da ajin ƙarshe. Ya karanta yana shafa gemu.

"To, Darakta, ashe kujerar ta fara zamewa," in ji Hafizu. "Ni kau na daɗe ina auna ta da ido. Sai dai a rage mata ƙafa, tunda Allah bai ba ni tsawonka ba."

"Rufe mini baki, bawan gidanmu."

"Bawa ne za ya gaji ubangidansa bana. Ka je ka ce ma ɗiyarka, Madan, koya mini. Mi za ya ci ka?"

"Kai ka koya, sai ka koya mini."

"Ni? Wanga abu da na taɓa sau guda ya yi mini kukan akuya gaban yara? Na tuba."

Hafizu ba ya iya riƙe magana ta kwana. Washegari da safe Abdulhadi na cikin buro ya ji muryar Batulu a waje, tana magana da ɗan ƙarfi.

"Baba Hafizu, ƙa'ida ta ce darakta na shiga kowane aji ya ga yadda ake koyarwa. Ni tun da na zo ba a taɓa leƙa nawa ba. Ko na yi laifi ne?"

"Kayya, ɗiyata, wanga sakaci ya yi yawa," Hafizu ya amsa, shi ma yana ɗaga murya wajen tagar buro. "In konseye ya ji, ai wani laifi ne daban."

Abdulhadi ya gane tarko ne. Ya kuma gane tarkon na da ƙofar da mutum zai shiga da rawaninsa a kansa. Ya ɗauki kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ya daure fuska, ya shiga ajin farko. Yara arba'in da uku suka miƙe suka gaishe shi. Ya wuce bencin baya ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. A kan bencin akwai tabilet guda, kamar an manta da ita. An rubuta 20 a bayanta da farin fenti.

"Yara," in ji Batulu, tana duban allo, "yau za mu koma farko, kamar ba mu san komai ba."

Yaran suka yi gunaguni. Wata biyar suna wasa da abin, uku-uku a kan guda.

"A gefe akwai ɗan maɓalli. A danna, a riƙe kaɗan. Ban ce a matse kamar ana tatsar saniya ba."

Abdulhadi ya sassauta yatsa. Gilashin ya yi haske. Ya buɗe kaye ya kare abin da shi, kamar mai rubuta muhimmin zance.

Abin da bai sani ba, tabilet ɗin malama na nuna mata duk abin da kowace lamba ke yi. Darasin na haɗa harafi da hoto ne. In ka dace na'urar ta tafa maka, in ka kuskure akuya ta yi kuka. Kafin a yi minti goma bencin baya ya fi kasuwar dabbobi ta Gangara hayaniya.

"Lamba ashirin, a hankali," in ji Batulu, ba ta ɗago ba. "Ba a duka, taɓawa ake yi. Kuma ba a lasar yatsa kafin a juya shafi."

Yara arba'in da uku suka ƙura wa allo ido, kumatu a kumbure. Babu wanda ya waiga. A ƙarshen awar Abdulhadi ya miƙe da ƙyar, ya rubuta a kaye: "Malama na da haƙuri. Tana yawan maimaitawa." Ya bar kayen a buɗe kan teburinta ya fita.

Kwana takwas yana duba ajin farko. Sauran malamai suka fara cewa Madan Batulu ta shiga uku, uba ya sa mata ido. Akuyar ta rage kuka. Ran na shida aka tafa masa sau goma a jere, ya ji wani daɗi da ya ba shi kunya, ya yi tari ya rufe shi.

Amma akwai abin da ke cin sa. Yara arba'in da uku ne aka tsayar wuri guda, ana maimaita musu abin da suka sani, don tsoho ɗaya ya riƙe kujerarsa. Shekara talatin da ɗaya yana gaya wa iyaye cewa ranar yaro guda a lakol ta fi buhun gero. Yanzu shi ne ke cinye ranakun, kuma babu wanda zai tuhume shi, domin duk an rubuta su a matsayin duba aiki.

Ga kuma wata matsalar. Aika rahoto ba darasin ƴan shekara shida ba ne. Batulu ta gwada. Ta ce, "Yara, in kun girma kun zama daraktoci, ga yadda za ku yi." Matakin goma sha ɗaya ne. A na huɗu yara suka fara tsunkulin juna, a na biyar lamba ashirin ta ɓace cikin wani shafi mai hoton taswira, Hafizu kuwa na tsaye a taga yana share hawayen dariya da hularsa.

Ana gobe konseye zai zo, Hafizu ya shigo buro da tabilet a lulluɓe cikin ɗankwali, kamar ƙwaryar fura.

"An ce a ce maka an shirya komai. An sa na zuwa, an sa na fashi. Koren maɓallin nan kaɗai za ka taɓa, sau guda. Kada ka yi gwaninta."

"Wa ya ce ina son haka?"

"To in mayar?"

Abdulhadi ya hau jujjuya takardun gabansa. Hafizu ya ajiye ya fita yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Konseye ya iso da hantsi a kan moto, wato babur. Sunansa Muhammad Awwal, bai kai arba'in ba, mai ƙaramar murya. Ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar gida da ta gona, ya buɗe takardunsa. Malamai suka jeru bakin bango, Batulu can ƙarshe kusa da ƙofa.

"Bismillah, Darakta."

Abdulhadi ya yaye ɗankwalin. Ga koren nan yana jira, faɗinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Taɓawa ɗaya, kujera ta zauna, a sake yabonsa a taro, ya sake sunkuyar da kai. Ya daɗe yana dubansa. Sai ya kai yatsa gefe, ya danna maɓallin ya riƙe, ba matsewa, har gilashin ya yi baƙi. Hafizu ya ce "Inna lillahi" a fili.

Ya sake kunnawa. Shafin da aka shirya ya tafi.

"Ranka ya daɗe, bari in nuna maka abin da na iya," in ji shi.

Ya buɗe darasin harafi da hoto. Ya haɗa guda goma sha biyu ba kuskure, na'urar na tafa masa bayan kowane, shi kuwa fuskarsa kamar mai karanta hukunci. Konseye ya dubi tabilet, ya dubi malamai. Malamai suka dubi rufin kwano.

"Iyakata ke nan," in ji Abdulhadi. "Kwana goma sha biyu da suka wuce ko kunnawa ban iya ba."

"To rahoton wata biyar fa?"

"Ba ni ba ne."

"Wane ne?"

"Mai ajin farko."

Konseye ya ɗauki bik. "Sunanta?"

Abdulhadi ya dubi ƙasa. Hafizu ya ji tausayinsa, ya amsa a madadinsa. "Batulu Abdulhadi, ranka ya daɗe. Ta fari ce."

"Af," in ji konseye. Ya ajiye bik ɗin ya murza ido. "Ni ma Awwal ne, Darakta. Mahaifina har ya koma ga Allah 'kai yaro' yake ce mini, ina da ƴaƴa uku. Na san abin. Amma takardata ba ta da gurbin kunya. Gurbi biyu ne, ya iya ko bai iya ba."

Ya rubuta "bai iya ba", ya juya takardar don Abdulhadi ya gani. Ya ce zai sanar a taro mai zuwa wanda ya cancanci yabon da aka yi. Zagaye na biyu kuma nan da wata guda ne, kuma daga shi babu na uku. Sannan ya rubuta umarni ya buga hatimi: kowace Laraba da yamma, da yake ba a karatu, Madan Batulu za ta horar da darakta awa ɗaya, gaba da gaba, ba tare da an tsare yaran mutane ba.

Ranar Laraba bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a inuwar buro. Abdulhadi ya zauna wannan gefe yana fuskantar gabas, Batulu ta zauna wancan kan ƴar kujera tana fuskantar arewa. Hafizu ya zo ba a gayyace shi ba, ya baje a tsakiya da butar shayinsa, ya ce shi ne tafinta.

"Ka ce mata a fara daga inda ake buɗe rahoton," in ji Abdulhadi.

"Ya ce ki yi haƙuri, kansa ya tsufa."

"Baba Hafizu, ka ce a taɓa hoton kayen nan na sama."

"Ta ce in ka sake kuskure za ka durƙusa kan tsakuwa."

Abdulhadi ya share shi, ya taɓa hoton kaye. Sunayen yara suka jeru. Ya yi ta nema bai ga inda zai bi ba.

"Ka tambaye ta ina ake sa na fashi."

"Ya ce daga yau ke ce darakta, ni mataimaki, shi kuma za ya riƙa buga ƙararrawa."

"Ban ce haka ba!" Abdulhadi ya juyo gaba ɗaya, ya tsallake Hafizu da ido. A karon farko ya lura tana da ɗan tabo a gira, bai san yaushe ta same shi ba. Ya miƙa mata tabilet ɗin ta saman butar shayi. "Ke, rabu da wannan mahaukacin. Nuna mini inda ake sa na fashi."

Batulu ta jawo kujerarta kusa, ta karɓa da hannu biyu.

"Nan ne, Baba. Gaban kowane suna."