Tsamiyar da ke kan Kaburbura

A gandun dajin da nake aiki, kan hanyar Zabarmari, busasshen itace kaɗai doka ta yarda a sare. Da rikici ya hana masu gawayi shiga daji mai nisa, sai suka samo dabara. Su ɓare bawon ɗanyen itace kewaye da gindinsa, su bar shi ya mutu a tsaye, sannan su zo neman takardar izinin sarewa. Kowa a ofishinmu ya san wannan, amma shayi kawai ake sha.

Wata Talata Ya Inno ta zo wurina, wata tsohuwa da gudun hijira ya kawo unguwar Limanti. An ƙone ƙauyensu ƙurmus. Ta ce wata tsamiya da ke cikin gandunmu ce kaɗai ta rage da ke nuna inda aka binne iyayensu da mijinta, kuma ta ji an sa mata gatari.

Muka je tare. An ɓare bawon, saura faɗin tafin hannu. Ya Inno ta kwaɓa laka da kashin shanu ta shafe raunin, ni kuma na wuce wurin shugabanmu, Oga Alfred, da takardar roƙon a sa tsamiyar cikin itatuwan da aka hana taɓawa.

Ko takardar bai buɗe ba. Ya ce, "Aisa, mutane suna mutuwa, ke kina kukan itace?"

Na ce, "Yallaɓai, mutanen ne a ƙarƙashinsa."

Ya yi murmushi, ya ce ɗumin makaranta ne bai sake ni ba tukuna.

Na nemo wanda ya yi ɓarnar, wani mai gawayi, Umara. Da ya ji akwai kaburbura a wurin sai ya yi salati, ya rantse ba zai sake kusantarta ba. Ya cika alkawari. Amma tsamiyar ba ta ga damina ba, ganyenta ya zube tas.

A makon nan Oga Alfred ya sa hannu, ya ba wani mai gawayi takardar izinin sare ta, wai doka yake bi. Kafin masu gatari su iso, Ya Inno ta riƙa nuna mini wuraren kaburburan da sandarta ina jera duwatsu. A kabari na bakwai ta tsaya, ta daɗe tana dubawa, ta ce ba ta tabbata ba ko nan ne mijinta yake.