Ranar da Malam Ya Bi Hagu

Shekara goma sha tara Malam ya yi yana kai mutane kan dutse kowace Asabar. Da can malamin labarin ƙasa ne a sakandare, da ya yi ritaya sai abin da yake yi don sha'awa ya zama sana'a. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a bayan tashar mota: tebur, benci biyu, da kanta cike da duwatsu, kowanne da 'yar takarda manne a jikinsa. Manaja ke rubuta sunayen baƙi, Direba ya kai su gindin dutse, daga nan kuma sai abin da Malam ya ce.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda har ta haifi biyu ba a daina ce mata Auta ba, ita ce mai bin baya. Ita ke rataye da jakar magani, ita ke jiran duk wanda numfashinsa ya ƙare. Shekara shida ke nan tana jin bayanin ubanta daga ƙarshen layi, rabi ya iso kunnenta, rabi iska ta tafi da shi.

A wannan Asabar ɗin mutum goma sha huɗu suka zo, yawancinsu ma'aikatan wani banki, da sababbin takalma. Malam ya tsayar da su a kan faffaɗan dutsen da ake fara tsayawa, ya durƙusa ya bi wata farar jijiya da yatsa.

"Wannan da kuke takawa, da narkakke ne a can cikin ƙasa," in ji shi. "A hankali ya huce, shi ya sa ƙwayoyinsa manya ne. Daga baya ya tsage, ruwan zafi ya bi tsagar ya bar wannan farin. Wanda ya gaji ya zauna. Dutsen ba ya sauri, ya daɗe yana jiranku."

Suka yi dariya. Ya miƙe, ya yi taku kamar goma, sai ya juyo ya sake durƙusawa a wuri ɗaya.

"Wannan da kuke takawa, da narkakke ne a can cikin ƙasa."

Bai canza ko kalma ɗaya ba, har da zancen wanda ya gaji. Baƙin suka ɗauka raha ce, suka ƙara dariya. Auta ta dubi fuskarsa, ta ga ba wasa a cikinta. 

Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu. Dama ke kaiwa kufai, inda maƙera suka zauna a zamanin da. Hagu kuwa kwazazzabo take gangarawa, an daina binta tun da gefenta ya zabtare, kuma Malam da kansa ya jera duwatsu ya toshe ta. Yau sai ya tsallake duwatsun ya bi hagu, mutane na biye da shi.

Auta ta ratsa layin da gudu, jakar na dukan bayanta.

"Baba, dama ce," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ni za ki koya wa hanya?"

Ya ɗaga kai zai nuna mata, hannun ya tsaya a sama. Ya dubi kwazazzabon, ya dubi bishiyoyi, ya dubi mutanen da ke bayansa kamar yanzu suka tsiro.

"Auta," ya ce a hankali, "ina ne nan?"

Ta juya ga baƙin da murmushin da ita ma ba ta san inda ta samo shi ba. Ta ce Malam so yake su ga aikin zaizayar ƙasa da idonsu, su leƙa daga nan kada su matsa. Suka ɗauki hotuna. Ta saƙala hannunta a nasa kamar ita ce ta gaji, ta juya da shi.

A kufai ya zauna kan wani tushen bango, ya ce kansa ke ciwo. Ita ta yi bayanin. Ta nuna ramukan niƙa da suka lotsa a jikin dutse, da tarin kashin maƙera, baƙi mai ƙuraje, inda aka narka tama. Wata mata mai tabarau ta tambaya me ya sa mutanen suka tashi. Auta ta buɗe baki, sai ta gane wannan yana cikin rabin da iska ke tafiya da shi.

Da suka koma gida ta sami Mama a kicin tana yanka albasa. Mama ba ta yi mamaki ba.

"Wata huɗu ke nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shekaranjiya tambayata ya yi ko ƙaninsa ya kira. Mutumin da muka binne da daɗewa."

"Mama, shi ne ba ki faɗa ba? Mutane yake hawa da su dutse."

"In faɗa a raba shi da me? Me ya rage masa?"

A asibiti Likita ta ba shi kalma uku ya riƙe, ta sa shi zana agogo. Ya tara lambobin duka a gefe ɗaya. Ya hango wani dutse da take danne takardu da shi, ya faɗa mata sunansa da yadda aka yi ya samu, har ta ajiye biro tana saurare. Da ta nemi kalmomin ukun, ko ɗaya bai kawo ba. A waje ta gaya wa Auta cewa magani zai rage wa abin gudu, amma ba zai mayar da shi baya ba.

Manaja ya ce shi ba zai iya kallon idon Malam ya faɗa masa ya daina hawa dutse ba, don ɗalibinsa ne a aji uku. Aikin ya faɗo kan Auta. Ta same shi da hantsi a baranda, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta yi ta kewaye-kewaye.

"Bar wahalar da kanki," in ji shi. "Na sani."

Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ta sha ninki har ta yi laushi. Jerin wuraren tsayawa ne, ɗaya zuwa bakwai, da kibiya a gefen kowanne.

"Tun bara nake leƙa wannan in kun juya baya. Ran nan mantawa na yi ina da ita."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce ta kawo wayarta. Zancen duwatsu yana cikin littattafai, kowa zai iya karantawa. Amma labarin kufai daga bakin tsofaffi ya tattaro shi, gida-gida, duk sun rasu, shi kuma kullum cewa yake gobe zai rubuta.

Suka fara ɗaukar muryarsa kowace safiya bayan ta kai yara makaranta. Wata rana zance ya zubo kamar an buɗe famfo: gidaje nawa ne, ina mata ke ɗebo ruwa, wane maƙeri ne ya rasa ido ɗaya amma ya fi kowa iya fartanya. Wata rana kuma sai ya yi ta kallon wayar ya tambaya ta wace ce. Sau uku suna isowa kan dalilin tashin mutanen. Ran farko ya ce rijiya ce ta ƙafe. Rana ta biyu ya ce a'a, rijiyar daga baya ne, wata tsohuwa ta gaya masa ainihin abin, bari ya tuna. Rana ta uku, hawaye na bin gemunsa, ya ce ta kashe wayar.

Ba su sake komawa kai ba.

Yanzu Auta ke gaba, wata 'yar'uwar Direba ke bin baya. In an tambaye ta a kufai, takan faɗi zancen rijiya, ta ƙara da cewa akwai saura, amma ba ta same shi ba. Wasu su gyaɗa kai, wasu su ga kamar ba ta san aikinta ba.

Malam ya manta sunayen jikokinsa, amma jikinsa bai manta Asabar ba. Shi ya sa Auta ta ce wa Direba ya daina bi ta layinsu. Wata Asabar aka rufe babban titi don gyara, dole suka bi. Tun daga nesa ta hango shi a bakin get, ya sa takalman hawa, na dama a hagu, igiyoyin na jan ƙasa. Mama na riƙe da hannun rigarsa tana lallashi. Ya gane motar, ya ɗaga hannu.

Direba ya rage gudu, ya dube ta.

"Anti, in tsaya?"

Baƙi na bayanta suna hira, wani na tambayar ko akwai inuwa a sama. Ta sunkuyar da kai tana gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

"Mu je," ta ce. "Rana na yi."