Garwar Umed Singh

Umed Singh ya kaɗa garwa ranar tsere, beyar, ƙatuwar baƙar dabbar dajinsu mai farata, ta faɗa wa ’yarsa.

Lokacin masara ta nuna. Mutanen birni suka hawo ƙauyen da motoci, suka ce za a yi gudun fanfalaki, kilomita ashirin da ɗaya, daga makaranta a ratsa daji a dawo. Mata ukun farko za a tafi da su birni a horar da su. Hemanti, ’yar Umed ɗaya tilo, ta ba da sunanta. Shekararta ashirin da biyu. Tun tana ƙarama take hawan dutse da damin ciyawa a ka, babu mai cim mata a ƙauyen.

“Ba a gudu a daji,” in ji Umed. “Tafiya ake yi, ana tari, ana waƙa, don mai dajin ta ji ta kauce.”

“Baba, in na tsaya waƙa ai ni ce ta ƙarshe.”

“Ki zo ta ƙarshe da fuskarki.”

“Ko ka fi so in ƙare da yankan ciyawa kamar Inna?”

Innarta da dami a ka ta zame daga dutse ta rasu, shekara tara ke nan.

Da ya ga ba ta hanuwa, sai ya je wurin shugaban tseren, wani saurayi mai hular rana. Saurayin ya nuna masa taswira a waya, ya bi wani jan layi da yatsa.

“Ka gane hanyar, Baba?”

Umed bai taɓa karanta taswira ba. “Na san dajin nan tun ba a haifi ubanka ba,” ya ce, ya juya. A ransa ya riga ya yanke cewa hanyar alfadarai za su bi, ta saman tudu. Mai hankali ba ya bin rafi da kaka.

Al’adar ƙauyen guda ce. In beyar ta matso gonaki, maza su jeru ta sama, su kaɗa garewani, ita kuma ta gangara kwari ta nufi rafi. Haka kakanninsu suka yi. Umed ya tara maza goma sha ɗaya, ya ce za su share wa masu gudu hanya.

“Tsoho, yau kai ne sarkin kiɗa?” in ji maƙwabcinsa Trilok. “Bikin ’yar ma ba ka kaɗa ba, sai na gudunta.”

“Riƙe sandarka, ka rufe baki.”

Da hantsi suka fara. Dutse ya amsa. Can Umed ya hango beyar, baƙa, da ’ya’ya biyu a bayanta, ta fito daga cikin itatuwa ta gangara. Ya ƙara ƙarfin duka. Ya bi ta da ido har bakin ruwa, a nan ya ga jan ƙyalle ɗaure a reshe, da wani a gabansa, da wani. Alamar hanyar tsere ce.

Hemanti ce a gaba, ita kaɗai, ta ba sauran rata mai yawa. Ba ta tari, ba ta waƙa.

Ya yar da garwar ya kira sunanta. Garewani goma sha ɗaya suka cinye muryarsa.

Hemanti ba ta mutu ba. Ta yi mako shida a asibitin gari, aka dawo da ita a kan alfadari. Gwiwar dama ba ta lanƙwasuwa. Kuncin hagu kuwa, gyale take ja ta rufe. Ba ta taɓa ce masa kai ne ba. Shayi take miƙa masa, ta ja ƙafa ta koma jikin bango inda rana ke faɗawa. Ya ɗauki lauje ya fara yankan ciyawa da kansa, mata suna kawar da kai in ya wuce.

Shekara ta zagayo, masara ta sake nuna. Masu tseren ba su dawo ba. Wata safiya Trilok ya shigo yana haki.

“Umed, beyar tana gonarka. Ta kwantar da kunya huɗu. Maza sun jeru, kai ake jira.”

Umed yana wasa lauje. Bai ɗaga kai ba.

“Abincinku na hunturu ne fa, tsoho. Me za ku ci in ƙanƙara ta rufe hanya?”

Hemanti ta ce daga jikin bango, “Baba, ka je. Ba kowa a rafin yanzu.”

Garwar tana rataye a bayan ƙofa, ta yi tsatsa. Ya dube ta, ya dubi ƙafar ’yarsa, ya mai da lauje kan dutse.

“Ba zan kaɗa ba,” ya ce.