Zamzam a Rukunin Kasuwa

A shekarar 1999 'yan Kafanchan mazauna ƙetare suka buɗe shafin intanet, wai don su riƙa jin labarin gida. Su suka sayi kwamfuta, wahala kuwa ta faɗo kan Afiniki, mai buga takardu a bakin tashar jirgi. Ita ke buga labaran a faifai, direba ya kai wa Boaz a Sabon Tasha, shi ya ɗora su a shafin.

Dokar Boaz ɗaya ce: kowane labari da rukuninsa, guda tak, in babu ba zai fito ba. 'Yan kwamitin shafin kuwa, da tun rikicin addini na 1987 ko gaisuwar juna sai sun auna ta, suka raba shafin uku: Coci, Masallaci, Kasuwa.

Ana nan sai yayar Afiniki ta rasu. Martina aka raɗa mata a Manchok. Ta auri wani mai sayar da citta, ta musulunta, ta koma Zamzam. Ɗanta Irfan na karatu a ƙasar waje, ba waya, wasiƙa kuwa sai ta ga dama take isa. Shafin nan kaɗai zai gaya masa uwarsa ta tafi.

Afiniki ta buga sanarwa ta kai wa Dattijo Tagwai, mai kula da rukunin Coci. Ya cire tabarau ya ce, "'Yata, wannan mata ya bar mu tuntuni. Ka kai wa su Alhaji."

Ta tafi da kumburarrun idanu. Alhaji Musbahu, mai kula da rukunin Masallaci, ya karanta ya ce, "Allah ya jiƙanta. Amma malama, ga Martina nan, ga ayar Littafi Mai Tsarki a ƙasa. Cire su tukuna."

Ayar nan tsohuwarsu ce ta zaɓa, sunan ma ita ta raɗa. Afiniki ta gaji, gajiyar da ta wuce kuka. Ta koma shago, ta jira NEPA har la'asar, direba na ta matsa mata oda. Da wuta ta dawo ba ta goge ko harafi ba. A gurbin rukuni ta rubuta: Kasuwa. A kasuwa yayarta ta ƙare rayuwarta, kuma can ɗan mai citta zai fara dubawa.

Sanarwar ta fito tsakanin farashin buhun citta da cigiyar akuya. Duk faɗin garin, nan ne kaɗai aka karɓe ta da sunayenta biyu.