Tukunyar Rahmat a Shingen Bincike

Wata bakwai na yi ina farautar zafin da janareta ke zubarwa. Tun da aka fasa turakun wutar lantarki, unguwarmu ta Dala ta koma ƙara da hayaƙi, ni kuwa lissafin ne ke ci mini rai: kashi ɗaya cikin uku na mai ke zama wuta, sauran ya bi iska. Sai na samo tsohuwar tukunyar gas, mai walda ya nannaɗe bututun jan ƙarfe a ciki ya liƙe ta, na jona ta da salansar janaretan maƙwabcinmu. Ruwa ya shiga da sanyinsa, ya fito digiri saba'in. Aikina na kammala jami'a ke nan. Ƙarfe goma za a duba shi, kuma malamin da aka gayyato daga nesa zai juya a ranar.

Duk ilimin nan bai hana ni wauta ba. Don kada ta bugu a Keke Napep, na rungume tukunyar a cinya, na lulluɓe ta da hijabina, wayoyin ma'aunin zafi suna leƙowa.

A shingen bincike wani ɗan gora, cikin 'yan sa-kai masu tsaron gari, ya leƙo, ya ga wayoyin, ya ja da baya. Kafin in buɗe baki direban ya bar mini kekensa, masu talla sun watse. Aka ce in ajiye ta a ƙasa, in matsa nesa, hannu sama.

Shugabansu, wani Musa mai furfura, ya tsaya daga can. Na ɗaga masa katin makaranta.

"Yayana, wallahi aikin makaranta ne. Ruwa ne a ciki."

"Ƙanwata, kati na gani. Cikin tukunya ne ban gani ba. Ko ki jira masu kwance bam zuwa la'asar, ko a buɗe ta."

Tara da kwata. Na kai na kawo, na yi bayanin salansa har muryata ta dushe, raina yana tafasa. Ina juyawa na hango wata mata ta durƙusa a bayan katanga, ta kife a kan jaririnta. Nan fushin ya mutu. Na kalli tukunyar daga inda nake, na ga abin da suke gani.

Na ce a kawo zarto. Babu wanda ya yarda ya matso, sai jefo mini shi aka yi. Ƙarfe goma ta same ni a durƙushe ina yanka, zarton ya ratsa bututun, ruwa ya tsiyaye cikin yashi.

Kowa ya koma harkarsa. Matar ta zo ta tsaya a kaina tana gyara goyo, ta ce, "Sannu 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika yanka ta."

Na ce amin, ina kuka.