Kawu Dogo a Ajin Ƙanana

Dogo ya fito daga gidan yari ɗansa yana da shekara huɗu, bai taɓa ɗaukarsa ba. Lokacin da aka yanke masa hukunci matarsa tana da ciki. Direban motar kaya ne a da. Wata rana da hantsi, yana sauri ya kai kaya kafin a rufe sito, ya kaɗe wani yaro ɗan firamare a bakin titi, yaron bai kai asibiti ba. Da matar ta aiko tana neman ya sauwaƙe mata, bai ja da ita ba. Bayan ya fito, lasin tuƙinsa ya riga ya tafi, sai ya samu aiki a wurin wankin mota, yana kwana a wani ɗan ɗaki bayan injin ruwa.

Nan tsohuwar matarsa ta same shi wata yamma, da kayan aikinta a jiki, don a ɗakin wanki na asibiti take aiki. Ta tsaya nesa da inda ruwa ke fantsama har ya kashe injin ya ƙaraso yana goge hannu a wando.

"Ba don kai na zo ba," in ji ta.

"Na sani. Ya yaron?"

"Lafiyarsa ƙalau. Maganarsa ce ma ta kawo ni."

Ta ce ta samar masa gurbi a makarantar rainon yara ta gwamnati da ke bayan ofishin ruwa. Kyauta ce, har da madara da burodi ake ba su. Amma akwai sharaɗi: kowane gida sai ya turo babba ɗaya, uwa ko uba ko kaka, ya yi safiya guda a aji duk mako yana taya malamai. Ita aikin safe take yi, an hana ta musanya. Mahaifiyarta kuma gwiwa ta hana ta ko hawa bas. Shugabar makarantar ta yi mata magana har ta gaji.

"Kowane yaro da ranar da nasa ke zuwa. Shi kaɗai ne ba shi da rana. Jiya ya tambaye ni dalili."

Dogo ya tambaye ta wace rana ce.

"Ranar Laraba ce. Amma ka ji ni da kyau. Na ce masa babansa ya yi tafiya, kuma haka zai ci gaba da sani sai ranar da ni na ga dama. Kai kawunsa ne. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yanzu."

"Zan iya."

"Shugaba ta san komai, ban ɓoye mata ba. Ka yanke farce kafin ka je."

Ranar Laraba ya isa makarantar tun ana sharar harabar. Malamar ajin ƙanana gajeriyar mata ce mai muryar da ke kaiwa bakin gate ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta dube shi daga ƙasa har sama ta ce, "Malam, ka riƙa sunkuyawa, kada fanka ta yi maka askin da ba ka nema ba." Ta nuna masa ƙugiyoyin rataye jaka, kowace da hoton dabba a kanta tun da yaran ba su iya karatu ba, da bokitin wanke hannu, da kwandon kayan wasa, da kabad ɗin da ake ajiye wandunan canji saboda masu yin fitsari.

Yara suka fara shigowa. Ba sai an nuna masa nasa ba. Kunnuwan kaɗai sun isa, irin nasa ne sak, a buɗe kamar an bar ƙofofin mota. Yaron ya rataye jakarsa a ƙugiyar kunkuru, ya wuce kwandon wasa, ya zaro wani agogon roba ya hau ɓalle bayansa.

"Injiniya," in ji Malama, "ga kawunka ya zo yau. Kai ma ka yi baƙo."

Sunan da kowa ke kiransa ke nan, saboda duk abin da ya shiga hannunsa sai ya ga cikinsa. Ya ɗago ya kalli Dogo na ɗan lokaci, ya koma kan agogonsa.

Haka aka yi makonni. Dogo ya koyi ɗaure igiyar takalmi daga gaba, ya koyi raba faɗa a kan fensir mai launi, ya koyi cewa in yaro ya yi shiru yana matse ƙafafu to a ruga da shi banɗaki. Yara suka sa masa Kawu Dogo, suka mai da shi bishiyar hawa. Injiniya ne kaɗai ba ya hawa. Sai wata Laraba ya zo ya tsaya gabansa da motar roba a hannu ɗaya, tayoyinta a ɗaya hannun.

"Na cire, sun ƙi komawa."

Dogo ya zauna a ƙasa ya nuna masa yadda ake zura ƙarfen ta ramin kafin a danna taya. Yaron ya karɓe ya yi da kansa, harshe a waje. Da ya gama ya jingina da cinyar Dogo yana gwada motar a tafin hannu, bai ma san ya jingina ba. Dogo bai motsa ba har ƙafarsa ta yi sanyi.

Ranar da abin ya ɓaci, an tashi ne yana bakin gate yana miƙa wa iyaye 'ya'yansu. Wata dattijuwa ta zo ɗaukar jikokinta 'yan biyu, da yake uwarsu ta haihu. Ta miƙo hannu, sai ta ga fuskarsa. Ta janye yaran bayanta.

"Kai ne?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ina cikin kotu ranar. Katanga ɗaya ce tsakanina da uwar yaron da ka kaɗe. Ni na riƙe ta da aka kawo gawarsa."

"Ni ne, Mama," in ji Dogo.

Ta ja jikokinta suka tafi. Kafin ƙarshen mako magana ta zaga iyaye, wasu suka daina kawo yaransu ranar Laraba. Shugaba ta kira taro.

A ajin manya aka yi shi da yamma, bayan an tura teburan gefe. Dogo ya zauna can baya kusa da ƙofa. Tsohuwar matarsa ta shigo a makare daga asibiti ta zauna a ɗaya gefen, ba ta dube shi ba.

Wani mai shagon magani ya fara. Ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma ya kamata a ce an sanar da su tun farko, ba su ji a bakin gate ba. Wata mai gyaran gashi ta ce in za a bi tarihin kowa, ajin nan zai koma ba mai zuwa. Aka yi 'yar dariya ta mutu nan take. Wani ya tambaya ko doka ta yarda. Shugaba ta ce ta tambaya a sama kafin ta karɓe shi, an ce mata laifinsa ba ya cikin waɗanda ke hana mutum zama da yara, kuma ba a taɓa barin wani uba ko uwa shi kaɗai da su ba.

"Makarantar nan ta duk yaran unguwa ce," in ji ta, "kuma ban ga yadda zan karɓi yaro in kori nasa ba. Amma na yi kuskure da ban tara ku tun da wuri ba. Wannan nawa ne."

Sai kakar 'yan biyu ta miƙe, tana dafe da kujerar gabanta.

"Ni ban ce zai cuci kowa ba. Jikokina sonsa suke yi, kullum Kawu Dogo, Kawu Dogo. Shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Uwar yaron can har yau in ta ji ƙarar babbar mota sai ta toshe kunne. Takalmansa na makaranta suna nan bayan ƙofarta. In koma gida in haɗa ido da ita, in san wanda ya yi mata haka shi ke ɗaure wa nawa takalmi? Ba zan iya ba. Ku yi haƙuri."

Shugaba ta tambayi Dogo ko yana da abin faɗa. Ya miƙe, kansa a sunkuye.

"Duk abin da Mama ta faɗa gaskiya ne. Ba ni da abin da zan ce ya rage mata. In kun ce in daina zuwa, zan daina. Roƙona ɗaya, kada a ɗauke wa yaron gurbinsa."

Ya zauna. Sai aka ji tsohuwar matarsa ta yi gyaran murya. Ba ta miƙe ba.

"Ni na kawo shi. Na fi kowa a ɗakin nan dalilin jin haushinsa, in ka cire Mama. Ni kaɗai na haihu, ni kaɗai na yi raino. Amma tun da ya fara zuwa, yaron nan da kansa yake tashi ranar Laraba. Ban san me zan ce masa ba in ya daina ganinsa."

Aka daɗe ana magana. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Dogo zai ci gaba da zuwa, amma zai tsaya cikin aji, ba zai ƙara tsayuwa a gate ba. An mayar da 'yan biyu ajin da ke ɗaya ɓangaren ginin. Gida biyu suka cire 'ya'yansu gaba ɗaya. Da ake fita kakar ta bi ta gabansa. Ya ce, "Mama, a sauka lafiya." Ta ɗan tsaya kamar za ta amsa, sai ta wuce.

Abin da manya suka faɗa a gidajensu bai tsaya a bakin manya ba. Larabar da ta biyo, ana shan madara, wata yarinya ta nuna Dogo da kofinta ta ce wa Injiniya, "Mamata ta ce ba kawunka ba ne, babanka ne. Kuma ya taka wani yaro da mota."

Malama ta yi saurin ɗauko waƙa, yara suka bi. Injiniya bai bi ba. Ya ajiye kofinsa, ya je ya shige ƙarƙashin teburin Malama. Dogo ya yunƙura, ta girgiza masa kai, ta fita ta kira uwar a waya.

Sai da aka tashi kowa ya watse uwar ta iso, hannayenta jajur da ruwan sabulu. Malama ta ce za ta je ofis ta dawo, ta ja musu ƙofa. Uwar ta durƙusa bakin teburin.

"Fito mana, Injiniya."

"A'a."

Ta juyo ta kalli Dogo. Karo na farko ke nan da ta dube shi ido cikin ido tun fitowarsa. Ta ja da baya ta ba shi wuri. Ya kwanta rigingine a ƙasa don kansa ya zo daidai da na yaron.

"Kai babana ne?"

"Ni ne."

"Mama ta ce ka yi tafiya."

"Na yi. An kai ni wani wuri an ce in zauna, saboda abin da na yi."

"Ka taka yaron?"

"Na kaɗe shi. Ina gudu sosai, bai kamata in yi ba."

"Ya warke?"

Uwar ta rufe bakinta da hannu.

"Bai warke ba. Ya rasu."

Yaron ya hau ɓantarar fentin ƙafar teburin da farce.

"Mamarsa ta yi kuka?"

"Ta yi. Har yanzu tana yi."

"Ina motar?"

"An karɓe. Ba na tuƙi yanzu."

Can yaron ya rarrafo ya fito ta ɗaya gefen, ya je ya riƙe zanen uwarsa, yana kallon Dogo daga can. Ta share masa fuska, ta ɗauko jakarsa ta rataya masa.

"Mu je gida," in ji ta. Ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "In ba ka sauri, ka raka mu tasha."

Suka fita su uku, ita a tsakiya. Suka wuce ofishin ruwa da layin masu gyaran waya. Bas ɗin ta daɗe ba ta zo ba. Yaron ya zauna kan benci yana lilo da ƙafafu, can ya ce wa uwarsa, ba tare da ya dubi Dogo ba, "Mama, shi a ina yake kwana?"

"Tambaye shi mana, ga shi nan."

Bai tambaya ba. Da bas ta tsaya, uwar ta ɗaga shi ta sa a matakala, ta juyo ta ce, "Ranar Asabar ina gida da rana. Inna ma tana ta tambayarka. Kada ka zo da komai."

Dogo ya ce to. Ya tsaya har bas ɗin ta sha kwana, sannan ya tsallaka titi ya kama hanyar wurin aikinsa, don ya bar motoci suna jiran wanki.