Ranar da Dakta Amna Ta Kira Mosko

"Riƙe ni ta ƙugu, 'yar nan," in ji Dakta Amna. "Hannun nan allura ta gama da shi."

Rakiya ta tallafo ta, suka ci gaba da saukowa a hankali. Benensu na Hayyin Ashir ba shi da lif, kuma in ba wankin ƙoda ba, babu abin da ke sauko da tsohuwar.

"Mama, mu koma. In ɗanki Mazin ya dawo bai same ki ba, ni zai kama."

"Mazin ni na haife shi. Yalla, mu tafi."

Dakta Amna Bahaushiyar Sudan ce. Ta yi karatun likita a Mosko tun tana budurwa, ta tsufa tana karɓar haihuwa a Omdurman, sannan yaƙi ya koro ta Alƙahira da jaka ɗaya. Ƙofarta na kallon ɗakin da Rakiya ke raɓe a ciki tun da ta gudo daga gidan aikatau a unguwar Zamalek. Fasfon Rakiya na hannun Bakri, dillalin da ya kawo ta daga Kano, ga mahaifiyarta kwance a gida rai a hannun Allah.

Abin da ya haɗa su wani littafin Rashanci ne da tsohuwar ta tsinto a kasuwar tsofaffin littattafai. Labarin wata tela ce, Larisa, wadda 'yan daba suka kashe wa ƙane, ta shiga cikinsu har ta zama uwar ɗakinsu. Kullum da safe Dakta takan karanta babi guda da gilashin ƙara girman rubutu, bayan la'asar kuma ta juye wa matan benen shi da Hausa. Matan ɗaliban Azhar sukan ce gaisuwa kawai suka leƙo, sai kiran magariba ya tashe su.

Jiya ana tsakiyar labari Rakiya ta fashe da kuka. Dakta ta saurari matsalarta har ƙarshe, ta rufe littafin, ta ce, "Gobe ki samo mana tasi."

Ofishin Bakri a unguwar Dokki ɗaki ne guda mai warin taba. Da ya ga Rakiya sai ya yi murmushi ya miƙe ƙafa.

"Kin dawo da kanki? Har da kaka?"

Dakta Amna ta zauna ba a ba ta kujera ba. Numfashi take da ƙyar, amma idonta bai bar fuskarsa ba.

"Fasfon yarinyar nan muka zo karɓa."

"Ma'alish, sai haƙuri, Hajiya. Sai ta koma bakin aikinta."

"Ɗana, zan tambaye ka sau ɗaya kawai. Ni ba na maimaita magana."

Rakiya ta juyo ta dube ta. Wannan maganar Larisa ce, ta babin shekaranjiya.

Bakri ya yi dariya. Tsohuwar ta ciro waya ta danna. Da aka ɗauka sai ta saki Rashanci, murya ƙasa-ƙasa, babu gaggawa. Ta ambaci Dokki. Ta ambaci sunan titin. Ta ɗago ta dubi Bakri, ta faɗi sunansa a hankali kamar mai so a rubuta. Daga can wata murya mai kauri ta amsa, ta daɗe tana magana.

Bakri ya sauke ƙafarsa. Ya kashe tabar.

"Su waye waɗannan, Hajiya?"

Ta miƙa masa tafin hannu kawai, wayar na kunnenta. Ya jawo durowa, ya lalubo koren fasfo ya ajiye a kai.

"Khalas, shi ke nan. Ba na son fitina."

A cikin tasi Rakiya ta rungume fasfon.

"Mama, da gaske kin san irin mutanen nan, 'yan daban Rasha?"

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ƙawata ce, Galina. Ɗaki ɗaya muka zauna muna ɗalibai. Taba ce ta mayar mata da murya ta maza." Ta goge ido da gefen mayafi. "Na gaya mata inda nake da wanda nake kallo. Sannan na ce mata tafiyata ta matso, ta yafe ni. Da ma ina ta neman ƙarfin zuciyar kiranta."

Fitar nan ta kwantar da ita. Mazin ya yi faɗa, ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya miƙo mata ruwa. Rakiya ta sami jirgin mako mai zuwa, amma ba ta iya barin bakin gadon ba. Ita ke juya ta, ita ke shafa mata man riɗi a ƙafa.

"Mama, yaya Larisa ta ƙare?" ta tambaya wata safiya, don kawai ta ji muryarta.

"Ban kai ƙarshe ba. Idon ya ƙi." Ta juyo ta dubi Rakiya. "Ke dai ki kai wa uwarki fuskarki. Kada ki tsaya jirana."

Ranar Laraba da hantsi Dakta ta cika, Mazin na riƙe da kanta yana laƙƙana mata shahada, mai sayar da gas na ta buga tukunyarsa a titi. Sudanawa da ɗaliban Najeriya suka cika benen. Mata suka fito da yaran da ta duba musu zazzaɓi kyauta, suka tsaya a ƙofofi har aka wuce da ita.

Da gidan ya yi tsit, Rakiya ta fita baranda kwashe shanya. Farar lafayar Dakta da ta wanke da asuba tana kan igiya, iska na ɗaga gefenta. Ta taɓa, ta ji da sauran danshi. Sai ta ƙara mata maƙali ɗaya, ta bar ta ta bushe.